Kafin ku yi wa tsohuwar motar iyali dariya

Ranar nan ƙanina ya miƙo min wayarsa yana ta ƙyalƙyala dariya, wai Yaya don Allah kalli wannan. Bidiyo ne, an jera motoci biyu a kan wani dogon titi da babu kowa, ɗaya Porsche 911 Turbo S sabuwa fil tana ɗaukar ido, ɗayar kuma tsohuwar Mercedes 240D mai ƙofa huɗu irin ta ƙarshen shekarun 1970, fentinta har ya fara dishewa. Aka ba su hannu, kafin ka ce kwabo Porsche ta ɓace ɓat, mai bidiyon ya juyo da kyamara kan tsohuwar tana tahowa a hankali, ya rubuta a ƙasa wai ga bambancin mota da gwangwani.

Ƙanin nawa ya ce, Yaya kai da kullum kake yabon tsofaffin motocin nan, yanzu me za ka ce?

Ban ba shi amsa a lokacin ba, amma abin ya tsaya min a rai kwana da kwanaki, saboda ba shi kaɗai ba ne, kusan duk wanda ka ji yana kwatanta mota da mota yanzu da agogo yake farawa, wai daƙiƙa nawa take ɗauka ta kai gudun kilomita 100, doki nawa ne a injinta, ina ƙarshen lambar da ke jikin allon gudu. Ni kuma ga matsayata tun farko, kada a ce na ɓoye: idan maganar mota ake a matsayin abin da ke ɗaukar mutane ya kai su ya dawo da su, tsohuwar salun ta iyali ta fi motar gudu ta zamani sanin aikinta nesa ba kusa ba. Tana da manyan laifuffuka, zan faɗe su ɗaya bayan ɗaya ba tare da na rufe komai ba, amma tunanin da aka ƙera ta a kai ya fi lafiya, kuma mun yi asara da muka bar shi muka koma auna komai da gudu.

Gudun nan, ina za a yi shi?

Lambobin gaskiya ne, ban musa ba. 911 Turbo S ƙirar 2020 tana da ƙarfin doki 650, tana kai kilomita 100 cikin daƙiƙa 2.7, ƙarshen gudunta kilomita 330 a awa. Ita kuwa 240D doki 72 ne da ita, kuma sai ta haura daƙiƙa 20 kafin ta ga 100. Wanda ya zauna ya tsara injin Porsche ɗin nan gwani ne, a jinjina masa.

To amma ka tambayi kanka, a wane titi ne doka ta yarda ka taka 330? Yawancin ƙasashen duniya iyakar gudu a babbar hanya tsakanin 100 zuwa 130 ne. Ko a Jamus da ake ta ba da labarin hanyoyinta, wasu sassa ne kawai babu iyaka, kuma ko a nan gwamnati shawarar da take bayarwa ita ce kada ka wuce 130. Kenan mai wannan mota ya sayi gudun da kusan kashi biyu cikin uku nasa haramun ne a gare shi kusan a ko'ina in ba a filin tsere ba. Ita kuma tsohuwar nan da ake wa dariya, duk da nauyin jikinta tana kaiwa 120 ta zauna a kai daga safe har yamma ba ta ce uffan ba. A cunkoson gari kuwa, inda yawancinmu muke cin rabin rayuwarmu ta tuƙi, su biyun a danja ɗaya za su tsaya, gefe da gefe.

Kuma gudu ba wasa ba ne, lissafi ne mai sauƙi. A gudun 100, motarka na cin kusan mita 28 duk daƙiƙa ɗaya. A 200 ya zama mita 56, wato kafin ƙwaƙwalwarka ta gama gane cewa akwai abu a gaba, ƙafarka ta tashi daga totur ta sauka kan birki, ka riga ka shafe fiye da rabin filin ƙwallo. Sannan idan ka ninka gudu, nisan da birki zai ci kafin mota ta tsaya ba ninki biyu yake ba, ninki huɗu ne. Babu kamfanin da ya isa ya canza wannan komai kyan birkinsa, iyakarsa ya rage kaɗan.

Shi ya sa na ga mutuncin Volvo da suka yanke cewa daga 2020 duk sabuwar motarsu ba za ta wuce 180 ba. Tarayyar Turai ma daga Yulin 2024 ta wajabta wa sababbin motoci na'urar da ke ankarar da direba idan ya haura iyakar gudu. Masu ƙera doka sun gane inda matsalar take, mu masu kallo ne har yanzu muke tafa wa lamba.

Abin da mota ke yi daga Litinin zuwa Lahadi

Mu bar filin tsere mu dawo rayuwa. Me kake yi da mota? Ka kai yara makaranta, ka wuce wurin aiki, ka ɗauko mahaifiyarka ka kai ta asibiti, ka je tasha ko filin jirgi ka ɗauko baƙo da akwatunansa, wata rana ku yi doguwar tafiya ku biyar. Shi kenan fa.

Yanzu ka ɗauko tsohuwa mai ciwon gwiwa ka ce ta shiga motar da kujerarta ta kusa taɓa ƙasa, sai ta durƙusa, ta lanƙwasa wuya, ta jefa jikinta ciki, fitowa kuma sai an kamo hannunta an ja. A tsohuwar salun ƙofa take buɗewa, ta zauna kamar a kujerar falo, ta jawo ƙafarta ciki. Yawancin motocin gudu, irin su Ferrari 296 ko Corvette, kujeru biyu ne kacal. 911 tana da wasu guda biyu a baya amma babba ba zai iya zama a can na rabin awa ba sai ya ji a jikinsa. Wurin kayanta da ke gaba bai kai lita 140 ba, ƙaramin akwati ɗaya ya cika shi, alhali but ɗin Mercedes ɗin nan kusan lita 500 ne, ga kuma tayar safiya cikakkiya a ƙasansa. Motocin gudu da yawa yanzu ko tayar safiya babu, sai wani ɗan gwangwanin gam da famfo, idan taya ta yage maka a daji sai dai ka jira motar ja.

Sai maganar hanya. Ba kowane titi ne shimfiɗaɗɗe kamar tabarma ba, ko a ƙasashen da suka ci gaba akwai ramuka, akwai tudun rage gudu, akwai gangaren shiga gareji. Motar gudu cikinta a ƙasa yake, tayoyinta faffaɗa ne amma sirara kamar an naɗa roba a jikin rim, rami ɗaya ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa rim. Har wasu kamfanonin sai sun sa wata na'ura ta musamman da ke ɗaga hancin motar don ta iya haye ɗan tudu. Ka duba fa, an ƙera matsala sannan an ƙera maganinta an haɗa maka. Peugeot 504 kuwa, wadda ta fito a 1968 ta kuma ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, an yi ta ne da dogayen shokozoba da tayoyi masu kauri, tana shanye rami kai da ke ciki da kyar ka ji. Kuma kada a ce ba ta san tsere ba, ita ce ta lashe gasar Safari ta 1975, ɗaya daga cikin mafi wahalar gasar motoci a duniya, cikin laka da ƙura da duwatsu, inda motocin da suka fi ta doki suka kakkarye a hanya.

(Wani abu da ke burge ni a tarihin Porsche da Peugeot: da farko Porsche 901 suka sa wa motarsu suna lokacin da suka nuna ta a Frankfurt a 1963, Peugeot ce ta ce lambobi uku masu sifili a tsakiya nata ne, dole suka canza zuwa 911. Kenan sunan da ake taƙama da shi yau ma, masu ƙera motar iyali ne sanadinsa.)

Akwai kuma gani. Zauna a tsohuwar salun ka waiga, gilasai ne manya ta ko'ina, ginshiƙan sirara, kana ganin kusurwa huɗu na motarka, kana ganin yaron da ya tsaya a bayanka. A motar gudu kana kwance ne kusan, gilashin baya ɗan tsito, sai ka dogara da kyamara da ƙarar na'ura.

Ranar da ta lalace

Nan ne zuciyata ta fi karkata, don duk mota sai ta lalace wata rana, tambayar ita ce wa zai iya gyara ta.

Buɗe bonet ɗin 240D ka gani. Ga inji a fili, ga famfon mai, ga lagireto, ga bel, komai hannunka zai kai. Injin dizal ne da ba ya buƙatar kwamfuta, da zarar ya tashi ko batir ya mutu zai ci gaba da aiki, har wani ɗan hannu aka sa a jikin injin da aka rubuta STOP don ka danna ka kashe shi idan makulli ya ƙi. Mai 504 kuma da sifana da sukundireba da ɗan haƙuri zai wanke kafireto, ya goge fulogi, ya ɗaure bel, ya ci gaba da tafiya. Duk bakaniken da ya san aikinsa a kowace ƙasa zai gane abin da ke gabansa, wani ma da kunne kawai zai gaya maka inda ciwon yake.

Buɗe murfin injin 911 ta yanzu kuwa, ba za ka ga injin ba ma, sai fanka biyu da wurin zuba mai da ruwa. Sauran duk a rufe. Motar cike take da ƙananan kwamfutoci masu magana da juna, sensa ɗaya ta rikice sai fitila ta kama, motar ta rage ƙarfin kanta, kuma babu mai gane bakin zaren sai wanda ke da na'urar kamfani da izinin kamfani. Kai ka saya amma ba kai ke da iko da ita ba. Wannan ba ƙorafina ni kaɗai ba ne, a jihar Massachusetts ta Amurka sai da aka yi doka a 2012, aka sake jefa ƙuri'a a 2020, don kawai a tilasta wa kamfanoni su bar kanikawa masu zaman kansu su samu bayanan da za su yi gyara. A 2022 BMW ta gwada karɓar kuɗin wata-wata kafin ta kunna wa mutane ɗumama kujerar da tuni tana cikin motar da suka saya, sai da jama'a suka yi ca sannan ta janye a 2023. Wanda ya ƙera 504 ko a mafarki bai yi tunanin irin wannan ba.

Kuma tsofaffin nan sun nuna abin da za su iya. Akwai wata 240D ƙirar 1976 da wani direban tasi a Girka ya yi kilomita miliyan 4.6 da ita, yanzu haka tana gidan tarihin Mercedes a Stuttgart. An canza mata inji a hanya, ƙwarai, amma ai abin da nake faɗa kenan, mota ce da aka yi don a gyara a ci gaba. Volvo 240 an yi ta daga 1974 har 1993, kusan shekara 20 da siffa ɗaya, an sayar da fiye da miliyan 2.8, don mutane sun ga tana yi musu aiki ba su nemi a canza ba.

To amma haɗari fa?

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kaina, kuma ba zan yi mata kwana-kwana ba. Idan aka yi karo, tsohuwar mota ta fi kisa. Magana ta ƙare.

Mutanenmu masu son tsofaffin motoci suna da wata magana da nake so mu daina, wai ta da ƙarfe ce zalla, ta yanzu kuwa leda ce, ɗan taɓawa ta lotse. Wallahi wannan kuskure ne mai kashe mutane. Lotsewar nan da gangan aka yi ta, gaban mota ne ke murƙushewa ya shanye ƙarfin dukan don kada ya iso jikinka, ɗakin da kake zaune kuma a yi shi da ƙarfen da ba ya lanƙwasa. Idan motar ba ta shanye ba, ƙirjinka ne zai shanye. A 2009 cibiyar IIHS ta Amurka, mai gwajin tsaron motoci, ta haɗa Chevrolet Bel Air ƙirar 1959 da Chevrolet Malibu ƙirar 2009 gaba da gaba a gudun kusan kilomita 64. Ita babbar mai ƙarfen nan ɗakinta ya rufta, sitiyari ya yo kan mutum-mutumin da ke tuƙi, Malibu kuwa gabanta ya dagargaje amma wurin zaman direba na nan daram. Duk wanda ya kalli wannan gwajin ba zai sake cewa ƙarfe ba.

Gaskiya ne Mercedes da Volvo na shekarun 1970 sun fi Bel Air tsaro sosai, amma ko su ba su kama ƙafar motar yau ba. Yawancinsu babu jakar iska, babu birkin da ke hana taya ƙullewa, babu na'urar da ke daidaita mota idan ta fara zamewa a kwana. Porsche ɗin can tana da duk wannan, kuma birkinta zai tsayar da ita a nisan da tsohuwar ba za ta taɓa iyawa ba. Na yarda.

Sai dai ga inda nake so a tsaya a duba. Wannan tsaron ba mallakin motar gudu ba ne, na zamani ne. Corolla ko Civic ta yau, wadda babu mai yi mata bidiyo, tana da jakar iska ta ko'ina da duk waɗancan na'urori. Kenan hujjar tana nuna sabuwa ta fi tsohuwa tsaro, ba ta nuna doki 650 ya fi doki 72 amfani ba. Abu biyu ne daban da ake cakuɗa su.

Na biyu, tsaron wa? Jakar iska na kare wanda ke ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙafa ne da masu keke da masu babur. Su babu ƙarfe a jikinsu, babu bel, babu komai. Abin da ke yanke musu hukunci tsakanin rai da mutuwa shi ne gudun abin da ya buge su. Motar da ɗan taɓa totur kaɗan ta haura 100 kafin ka ƙifta ido, kuma a ciki shiru kake ji kamar ba ka motsi, tana ruɗin direba ya ga kamar ya fi ƙarfin haɗari. Tsohuwar salun kuwa tana gaya maka gaskiya, ka kai 120 za ka ji iska, ka ji inji, ka ji sitiyari na magana a hannunka, jikinka da kansa zai ce maka ya isa.

Wai daga tsere fasaha ke gangarowa

Wannan ma ana yawan faɗa, wai ba don motocin gudu ba da ba mu samu ci gaban da ke cikin motocinmu ba. Akwai ƙamshin gaskiya. Birkin faifai ya yi suna ne bayan Jaguar ta ci gasar Le Mans da shi a 1953, giyar nan mai kulochi biyu ma Porsche ta gwada ta a motocin tserenta tun shekarun 1980.

Amma duba abubuwan da suka fi ceton rai. Bel mai maɗauri uku, wanda Nils Bohlin ya ƙirƙira, a motocin iyali na Volvo ya fara fitowa a 1959, kuma kamfanin ya bar kowa ya yi amfani da shi kyauta. Gaban mota mai murƙushewa tunanin Béla Barényi ne, ya fito a salun ɗin Mercedes a wannan shekarar ta 1959. Birkin ABS na lantarki, mai hana taya ƙullewa, a salun S-Class ta Mercedes ya fito a 1978, jakar iskar Mercedes ma a S-Class a 1981. Motoci ne irin na salun da aka yi don ɗaukar mutane. Waɗanda suka zauna suna tunanin yadda uba da uwa da yara za su fita da rai daga haɗari su ne suka ba mu mafi yawan abin da muke taƙama da shi.

Hayaƙi da shan mai

Nan ma tsohuwa ba ta da bakin magana sosai. Ka tsaya a bayan tsohon injin dizal da safe ka ji abin da ke shiga hancinka. Babu matacin hayaƙi a salansarta, na fetur ɗin kuma da yawa an yi su ne a zamanin man da ake zuba wa dalma, gubar da sai a 2021 duniya ta gama rabuwa da ita a motoci, Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe. Injin zamani ya fi tsabta ninkin-ba-ninkin, wannan ba abin musu ba ne, kuma idan birni ya ce zai taƙaita shigar tsofaffin motoci masu hayaƙi tsakiyarsa don lafiyar yara, ni ba zan yi faɗa ba.

Abin da ba zan karɓa ba shi ne a ce motar gudu ce za ta yi wa wani wa'azin tattali. Bugatti Veyron idan aka sake mata totur gaba ɗaya, tankinta mai lita 100 ba ya kai minti 15. Ko waɗanda ba su kai ta ba, man da suke ƙonawa mutum ɗaya ko biyu yake ɗauka, na salun kuwa a raba shi gida biyar. Ga tayoyi masu laushi da ke cinyewa da wuri.

Ai masu ƙarfin ne kawai suka rage

Wani abokina ya kawo min wannan, kuma ya yi gaskiya. Ya ce tsofaffin da muke gani yau su ne 'yan kaɗan da suka tsira, miliyoyi tsatsa ta cinye su tuntuni, kuma mun manta da wahalarsu, da safe sai an ja cok, wata rana sai an tura, a hawa dutse ruwa ya tafasa a tsaya a jira. Haka ne. Motar yau ta fi tashi da bugu ɗaya, ta fi daɗewa ba ta nemi bakanike ba. Porsche ma na cewa kusan kashi 70 cikin 100 na motocin da ta taɓa ƙerawa har yanzu suna nan.

Amma ta yaya suke nan? Da yawansu a gareji suke a lulluɓe, a fito da su ranar hutu idan babu ruwan sama, a zaga a mayar. Wanda aka ajiye a ɗaki bai tsufa ba, ba za a haɗa shi da wanda ya yi shekara 30 yana dako ba. Salun ɗin nan tasi aka yi da su, aka loda musu kaya har kan rufi, aka koya wa 'ya'ya tuƙi da su, suka wuce hannu biyar ko shida, kuma wasu na kan hanya har gobe. Lalacewarsu ƙanana ce mai yawa, kuma mai arahar magani. Ta zamani ba ta cika lalacewa ba, amma ranar da ta yi, mai hannu na uku ko na huɗu sau da yawa sai dai ya haƙura da ita.

Kuɗinsa ne, jin daɗinsa ne

Ƙwarai kuwa, ban ce a hana kowa ba. Ni ma na san daɗin tuƙi, na san yadda zuciya ke yi idan mota ta bi kwana yadda kake so. Mai son ya ji ƙarshen motarsa ga filaye nan an gina don haka, Nürburgring a Jamus kusan kilomita 21 ne, ka biya ka shiga ka taka iya son ranka, babu yaro mai tsallaka titi. Kuma Mazda MX-5, wadda ta fito a 1989 aka kuma ƙera fiye da miliyan ɗaya, ta nuna cewa daɗin tuƙi ba sai da ɗaruruwan dawakai ba, ƙarama ce mara nauyi, doki ƙasa da 200, kuma masu ita ba sa fita daga ciki sai da murmushi.

Abin da ke ci min rai shi ne yadda wannan ma'auni na gudu da gayu ya bi ya shiga motocin kowa da kowa. Duba motar iyali ta yau, an danne rufin baya don ta yi kama da ta tsere har kan babba na taɓa sama, an ƙanƙance gilasai yara a baya ba sa ganin waje, an sa manyan rim da siraran tayoyi, an cire maɓallai an mayar da komai cikin allo, sai ka ɗauke ido daga hanya kafin ka rage sanyin AC. Abin ya kai hukumar gwajin tsaro ta Euro NCAP ta sanar cewa daga 2026 za ta rage wa mota maki idan babu maɓallai na hannu na abubuwa irin su sigina da hon da waifa. Wato ana roƙon kamfanoni su dawo da abin da 504 ke da shi tun 1968.

Ita kanta salun ɗin ana ta kashe ta. Ford ta daina Fusion a 2020, Malibu ɗin nan da ta ci gwajin karo ita ma an rufe ta a 2024. Ni abin da nake so a ƙera min bai da wuya: ɗaki mai faɗi irin na da, gilasai manya, tayoyi masu nama, tayar safiya a but, maɓallin da zan laluba ba tare da na kalla ba, injin da bakanike na gari zai iya buɗewa, sannan a zuba mata duk tsaron zamani da injin da ba ya hayaƙi. Fasahar tana nan, an san yadda ake yi. Kamfanoni suna ƙera abin da muke tafa wa ne, mu kuma muna tafa wa daƙiƙa 2.7.

Da na koma wa ƙanina da duk wannan, ya saurara har ƙarshe sannan ya ce, to Yaya tsakani da Allah, in aka ajiye maka makullai biyu yau wanne za ka ɗauka? Na ce na Mercedes, amma sai na sa mata bel mai kyau a kowace kujera, na gyara birki, na sa sababbin tayoyi, kuma idan doguwar tafiya ce da yara a babbar hanya zan nemi salun ta zamani don ransu ya fi min son da nake wa tsohuwa. Ya ce shi kam har yanzu Porsche. Na ce Allah ya ba ka, amma ka yi min alƙawarin a filin tsere za ka gwada ƙarshenta, kuma ranar da za a kai Mama asibiti ka zo ka karɓi makullina.